Takalmi Ɗaya, Sawu Biyu

Ranar Litinin da hantsi labari ya karaɗe bakin kogi cewa an kashe gonar Vrettos. Ba wuta aka sa mata ba, ba guba aka zuba ba. Ruwa aka ba ta.

Saura kwana goma a yanke inabi. Tsohuwar gonar inabin Shiraz da ke bayan tudun yashi, layi arba'in da biyu da Thanasis Vrettos ya dasa da hannunsa tun yana da baƙin gashi, ita aka tarar tana iyo cikin taɓo. Wani ya murɗe kan bututun ban ruwa har ƙarshensa tun ranar Juma'a, ya tafi ya bar shi. Kafin rana ta take, 'ya'yan inabin sun kumbura sun soma tsagewa, ƙudan zuma sun yi musu caa.

Wanda bai san inabin jar giya ba zai ce ai ruwa alheri ne, balle a ƙasar da sama ke shekara tana rowa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kurangar inabi in ka cika mata ciki kullum ba ta yin abin kirki. Daga faɗuwar fure har lokacin da 'ya'ya suka soma juya launi, da ƙishirwa ake horar da ita, don 'ya'yan su tsaya ƙanana, ɓawonsu ya yi kauri. Launin giya da ƙarfinta da ƙamshinta duk a ɓawon nan suke. Bayan haka sai a riƙa ba ta kurɓi-kurɓi, iya abin da zai hana ganye mutuwa. In kuwa ka kwarara mata ruwa gab da yanka, bayan ta yi wata uku tana haƙuri, da haɗama za ta zuƙe shi. Ɗan inabi ya cika ya fashe, wanda bai fashe ba ya zama salam.

Ba inabi kaɗai aka yi asara ba. Tun da tsoho Thanasis ya soma rikicewa, gonar ta koma hannun 'ya'yansa biyu. Babban, Lefteri, yana zaune a birnin Adelaide, burinsa a sayar wa kamfanin noman itacen almond da ke haɗiye gonakin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, a kai uban gidan tsofaffi. Jan inabi ya faɗi warwas a kasuwa, kowa tumɓuke nasa yake yi. Ƙanwarsa Fotini, wadda ke noma gonar, ta ƙi. Wata mai yin giya daga kan duwatsu ta yi mata alkawarin ɗaukar tsohon Shiraz ɗin nan don giyarta ta sahun gaba, in ya kai yadda take so. A kan haka wa da ƙanwa suka yi sharaɗi: in ya kai, gona ta zauna, Baba ya ƙarasa kwanansa a cikinta. In bai kai ba, katafila ta shigo.

Mai giyar ta zo ranar Litinin ɗin. Ta tauna ƙwaya uku, ta tofar, ta dafa kafaɗar Fotini, ta shiga motarta. Da yamma Lefteri ya iso, kuma a gaban mutane ya ce shi ba azzalumi ba ne. In mugun hannu ne ya yi ɓarnar, maƙwabci ko ɗan ƙwadago, ya ƙara wa ƙanwarsa shekara guda. In kuwa daga cikin gida abin ya fito, ko sakaci ne ko mene ne, magana ta ƙare.

Shi ya sa Fotini ta aika a kira Kawu Alby.

*

Kawu Alby ya haura saba'in. Kakanninsa suna bakin kogin nan tun kafin a haƙa magudanar farko. Ya bi sawun yaran da suka ɓata a daji, ya bi na karnukan da ke cin tumaki, ya bi na mutanen da ba su so a same su. Takarda ba ta cika yi masa magana ba, amma ƙasa ba ta taɓa ɓoye masa komai ba. Yana saurayi ya yi shekara tara yana aiki a gonar Thanasis, yana cin abinci a teburinsa, a zamanin da wasu gidajen ba sa barin irinsa, ɗan asalin ƙasar, ya wuce baranda.

Ya iso Talata rana ta riga ta ɗaga, saboda tsohuwar motarsa sai an lallashe ta. Ya tarar an tattake gindin bututun kamar filin kasuwa. Ya tsaya ya dubi wurin, ya dubi Fotini.

"Garin nan duka kika gayyato su yi rawa a kan shaidar?"

"Kawu, ni kaina ban san inda hankalina yake ba jiya."

Ta ba shi labari. Ranar Alhamis, da aka ce zafi na zuwa, ta ba gonar ruwan awa biyu cif, ta rufe da hannunta. Juma'a da safe ta tafi Adelaide bikin baftismar ɗan ƙawarta, ta bar uban a hannun ƙanwarsa, Gwaggo Vasso. Zafin ranar ya kai digiri arba'in da huɗu, ko ƙadangare bai fito ba. Daga gida ba a hango gonar, tudu ya tare. Sai Litinin da ma'aikacinta Kalsong ya dawo ya ga abin, ya rufe ruwan.

Ya tambaye ta wa mutane ke zargi. Ta ce a shagon kayan gona baki ya rabu biyu, wasu na cewa maƙwabcinta Jarnail ne, mafi yawa na cewa Kalsong. Ya tambaye ta ita fa. Sai ta dubi motar wanta da ke fake a gindin zaitun.

Ya ce, "Zato zunubi ne, 'yata, ko da ya zama gaskiya. Bari in ji na kowa. Ƙasa kuma sai rana ta karkata, yanzu ba ta da inuwar da za ta yi magana."

*

Jarnail Sandhu yana bakin shingensa, ya tara kurangun da ya tumɓuke tuli guda yana jiran a ba da izinin ƙonawa. Bara sun yi cacar baki da Fotini kan maganin feshi da iska ta kwasa ta kai mata. Da Alby ya taɓo zancen, sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kawu, kai ma ka biye musu? Dubi gonata. Mutumin da ke binne nasa, ina ya ga lokacin kashe na wani? Kuma a ƙasar nan ka taɓa jin maƙiyi ya ba ka ruwa? Sacewa yake yi. Da ni na kama bututun nan, wallahi gonata zan karkato shi."

Alby ya ga maganar ta zauna. Ya tambaye shi ko ya ga wani abu ranar Juma'a. Jarnail ya sosa gemu ya ce wajen ƙarfe biyu ya fito duba tankin ruwa, ya hango mutum can nesa cikin layukan, da malafar kaba a ka, zafi yana kaɗa shi kamar hayaƙi. Malafar Kalsong ce, kowa ya san ta. Ya ce shi bai so ya faɗa ba, don yaron mutumin kirki ne, amma ya riga ya gaya wa Lefteri jiya.

*

Kalsong yana zaune a ƙofar rumfar kayan aiki, hannu biyu tsakanin gwiwoyi. Mutumin tsibiran Vanuatu ne, uban 'ya'ya uku, wannan ce kakar girbinsa ta huɗu a gonar. Ɗan kwangilar da ya kawo shi ya riga ya buga waya: in 'yan sanda suka rubuta sunansa gobe, jirgi zai hau, kuma ba shi ba sake shigowa ƙasar.

Abubuwa uku suka taru a kansa. An ga malafarsa. Makon jiya an ji shi yana gaya wa Fotini cewa kurangun nan ƙishirwa za ta kashe su, a garinsu ko akuya ba a yi wa haka. Na uku kuma, ya wanke takalminsa ranar Litinin kafin kowa ya iso.

Ya ce Juma'a ba aiki saboda zafi, ya bi 'yan garinsu zuwa Berri, a ɗakinsu ya yi kwana uku. Amma shaidunsa duk baƙi ne irinsa, wa zai saurare su? Takalmin da malafar nan ya bar su, a ƙofar rumfa, inda yake barinsu kullum.

"To me ya kai ka wanke takalmi, ɗana?"

"Tsoro, Kawu. Na zo na same su da busasshen taɓo har wuya. Na sa su na ruga na rufe ruwan, sannan hankalina ya dawo, na ce yau na shiga uku."

"Yaya ka same su? A yashe?"

"A'a. A jere, gwanin kyau, baki na kallon waje. Malafar ma an rataye ta a ƙusa. Ni a ƙasa nake jefar da ita."

Alby ya ɗauki takalmin ya juya shi. Ƙato ne, na mutum mai ƙafa kamar faranti. Ya ajiye shi.

*

A ƙofar baya ta gonar, wadda ke kallon titin daji, ya sami sawun tayar mota mai tsada da sawun takalman birni guda biyu. Tururuwa ta yi hanya a kansu, iskar Asabar ta cinye gefensu. Na Juma'a ne. Ya koma gida ya sami Lefteri a gindin zaitun yana latsa waya, ya tambaye shi me ya zo yi ranar da ya san ƙanwarsa ba ta nan.

Lefteri ya soma musu, sai ya tuna da wa yake magana. Ya ce mutumin kamfanin almond ya kawo ya ga filin, da ƙarfe goma na safe, ba su ko tsallaka shinge ba.

"Kawu Alby, kai ka goya ni a wuya a gonar nan. Kana ganin zan yi mata haka?"

"Na ga kana auna kabarin mutum yana da rai. Amma sawunka ya tsaya a shinge, wannan gaskiya ne."

Lefteri ya sunkuyar da kai. Ya ce shi kowa ya ɗauke shi mugu, alhali sau biyu bana ana tsinto Baba a bakin titi bai san hanyar gida ba. Ranar da za a tsinto shi a cikin magudana, wa zai ɗauki laifin?

Tsohon yana baranda a kujerarsa, silifas a ƙafa, yana jan ɗan carbinsa na wasa. Ya ɗaga ido ya ga Alby, fuskarsa ta washe.

"Kai malalaci, yanzu ake zuwa aiki? Rana ta kusa faɗuwa."

"Maigida, kai da ke zaune a inuwa kamar limamin coci, ni kake kira malalaci?"

"Ni na gama nawa. Vasso, kawo masa gahawa, ko da yake bai ci ba."

Gwaggo Vasso ta kawo gahawa da zaitun da cuku. Ba a tambaye ta ba ta soma rantsuwa cewa ita idonta na kan wanta dare da rana, daga sha biyu zuwa huɗu barci yake yi kullum, ita kuma tana falo. Da Alby ya dubi silifas ɗin, sai ta ce ai Fotini ta kulle takalmansa duka a kabad tun watan jiya, don kada ya riƙa fita. Alby ya shanye gahawar. Ɗaci ta yi masa fiye da kullum.

*

Da rana ta karkata, inuwa ta shiga kowane ɗan rami, ya zaga can ƙarshen gonar inda 'yan kallo ba su kai ba, ya soma karatu.

Takalmi ɗaya ne, amma sawu biyu. Na farko dogon taki ne, dunduniya ta nutse cikin taɓo, ya miƙe daga rumfa zuwa bututu a guje. Wannan Kalsong ne ranar Litinin. Na biyun a busasshiyar ƙasa aka taka shi, daga baya ruwa ya rarrafo ya lashe gefensa. Takinsa gajere ne, bakin takalmin yana jan ƙasa, ƙafar da ke ciki tana zamewa gaba da baya don ba ta cika shi ba. Kuma mai sawun bai gudu ba. Wanda ya zo ɓarna yakan murɗa ya arce. Wannan kuwa ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, cikin zafin da ke narka kwalta, har arba'in da biyu.

Wuri-wuri sawun yakan tsaya, gwiwa ta taɓa ƙasa. Alby ya durƙusa inda aka durƙusa. Siririn tiyon da ke bin gindin kurangu yana da 'yan ƙofofi masu ɗigar da ruwa, gishirin kogi yakan toshe wasu. Duk wadda ta toshe, an sa ƙaya an buɗe ta. Ga ƙayar ma an soke ta a jikin waya, don a same ta wani lokaci.

Ya miƙe da ƙyar ya ƙarasa bakin layin. A kan ginshiƙin katakon da ke riƙe da wayoyi, an ɗora ɗan farin dutse, bai fi ƙwan tantabara ba. Ya dubi ginshiƙi na gaba. Akwai. Na gaba ma akwai.

Ya zauna a ƙasa, a cikin taɓon, abin da bai taɓa yi a bakin aiki ba. Ya san duwatsun nan. Shekara tara ya yi yana ɗora irinsu.

A zamanin da, kafin bututu, ruwa ta buɗaɗɗiyar magudana yake zuwa, kuma bi da bi ake rabonsa. Mai rabon ruwa zai zo a kan babur ya ce ranar kaza taku ce. In ranarka ta zo, ko kana jinya ko kana biki, sai ka karɓa, in ka bari ta wuce sai bayan sati uku. A lokacin, da nauyi ake sayen inabi, wanda nasa ya fi kumbura shi ne gwani. Mutum zai bi layi da shebur yana jan ruwa, duk layin da ya ƙoshi ya ɗora masa dutse, don kada gajiya ta sa ya manta. Cikin masu yin haka a wannan yanki, biyu kaɗai suka rage a duniya, ɗaya kuma ga shi zaune a taɓo.

Ya bi ginshiƙai ya tsince duwatsun ya zuba a aljihu.

*

Fotini ta same shi a kan tudu. Ya buɗe tafin hannu ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo, don tana ƙarama ita ke tsinto musu su a bakin kogi. Ta dafe bakinta.

Sannan ta ce, "Ni na ɓoye masa takalma. Na zaci na ɗaure shi ke nan."

"Hali zanen dutse ne. Ya ga ganye ya langaɓe, zafi ya taso, ransa ya gaya masa ranarsa ce."

"Kawu, ka ce ruwa ya cinye sawun. Ka ce wani baƙo ne daga titi, ba a san shi ba. Shekara ɗaya kawai nake nema. In aka kai shi gidan nan, wata uku ba zai yi ba, kai ma ka sani."

Ya sani. Ya ga yadda ɗakunan nan masu ƙamshin magani suke cinye manoma. Ya ce mata baƙo daga titi ba ya sanin inda malafa take, ba ya jera takalmi. In ya rufe baki, gobe ɗan sanda zai tafi da Kalsong, kuma shekarar da za ta samu da 'ya'yan mutumin nan uku za a saye ta.

"Zai sami wani aiki a can."

"Ke ma ba ki yarda da abin da kika faɗa ba."

Ta juya masa baya. Ta ce shekara hamsin ubanta yana kiransa ɗan'uwa. Alby ya ce shi ya sa. Ya sauka daga tudun yana jin nauyin aljihunsa kamar ya ɗauko kogin duka.

*

Laraba da safe aka taru a baranda. Ga Lefteri, ga Fotini da kumburarrun idanu, ga Jarnail, ga Gwaggo Vasso tana murza gefen zanen teburi. Kalsong yana tsaye a matakala, jakarsa a ɗaure a gefensa. Ɗan sanda ya jingina da ginshiƙi da littafinsa. Tsohon yana kujerarsa, yana murna da ganin baƙi da yawa, yana tambaya ko bikin wa ake yi.

Alby ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Jarnail bai tsallaka shinge ba. Lefteri ya zo da baƙo, ya tsaya a ƙofar baya, ya koma, wannan kuma tsakaninsa da ƙanwarsa ne. Takalmin na Kalsong ne, malafar tasa ce, amma ƙafar da ta shiga takalmin ranar Juma'a ba ta kai rabin tasa ba, kuma ta girme shi da shekara hamsin. Ya dubi ɗan sandan ya ce ya rufe littafinsa, babu mai laifi a nan. Wanda ya yi aikin ya bi layi arba'in da biyu a kan gwiwa yana gyara tiyo. Maƙiyi ba ya haka.

Lefteri ya ce, "To wane ne, Kawu? Sunan nake so."

Alby ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya yi shekara sittin yana nuna mutane da yatsa, yau yatsan ya ƙi miƙewa. Sai ya sa hannu a aljihu, ya kwaso duwatsun, ya zube su a kan teburi tsakanin kofunan gahawa.

Tsohon ya daina jan carbi. Ya sunkuyo, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi. Fuskarsa ta haɗe.

"Wane sakarai ne ya kwashe min duwatsu? Alby, kai ne? Yanzu ta yaya zan san layin da ya sha?"

Ba wanda ya motsa. Gwaggo Vasso ta ja zanen teburi ta rufe fuska, tana cewa ita ɗan gyangyaɗi kawai ta yi, na minti goma.

Thanasis ya dubi jama'a, ya ga duk shi suke kallo, sai ya gyara zama irin na mai gida. Ya ce ranarsu ce ta zo, ba kowa a gida, yaran nan duk sun watse, kurangu sun sunkuyar da kai kamar marayu. Wani ɗan iska kuma ya sace masa takalma, sai da ya ari na wani. Shi kaɗai ya karɓi ruwan, bai bar layi ko ɗaya ba. Ya juya ga Alby.

"Ka duba aikin? Faɗa musu. Akwai inda na tsallake?"

"Babu, maigida. Na bi su duka. Ban taɓa ganin ban ruwa mai tsabta irin wannan ba."

"Kun ji. Bana za mu cika mota goma."

Ɗan sandan ya mayar da littafinsa aljihu, ya sa hularsa, ya sauka a hankali. Jarnail ya bi bayansa, da ya zo wucewa ta gaban Kalsong ya kama hannunsa ya riƙe. Kalsong bai kwance jakarsa ba. An wanke shi, amma gonar da ba za a yanka ba ba ta bukatar ma'aikaci.

Lefteri bai yi murna ba, a ba shi wannan. Ya tsaya yana kallon gwiwoyin ubansa, inda wando ya ɗan ɗaga ya nuna ƙujewar fata. Da ƙaramar murya ya ce wa ƙanwarsa awa uku cikin zafin digiri arba'in da huɗu, da ya faɗi a layi na talatin, sai Litinin za a gan shi. Ya ce akwai ɗaki a gidan da ya nemo, ranar Asabar za su karɓe shi. Fotini ba ta yi musu ba. Abin da za ta yi musu da shi ya ƙare.

*

Ranar Asabar Alby ya zo ya taya su ɗaukar kayan tsohon. Ba su da yawa: akwati ɗaya, hoton matarsa, gunkin Maryamu da ke kan bango. An fito masa da takalmansa daga kabad, ya karɓa yana mita cewa ɓarawon ya ji tsoro ya dawo da su. An gaya masa asibiti za a je a duba shi a dawo. Daga tudu iska tana kawo warin inabi mai ruɓa, tsami-tsami kamar na tsohon tulu.

Ya shiga mota, Lefteri ya ɗaura masa bel. Sai ya sauke gilashi, ya ƙirga da yatsunsa, hankalinsa ya tashi.

"Tsaya. Juma'a muka karɓa. Sati uku ke nan ranarmu za ta sake zagayowa. In likitocin nan suka riƙe ni, wa zai karɓi ruwan?"

Lefteri ya dubi sitiyari. Alby ya dubi ƙasa, karo na farko a rayuwarsa bai karanta komai a cikinta ba. Katafila ranar goma ga wata aka ce za ta shigo.

Fotini ta sunkuya ta gyara wa uban wuyan riga.

"Ni zan karɓa, Baba."

"Kada ki yi musu rowa irin taki."

"Ba zan yi ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga gilashin da kansa, motar ta tashi.